Birkin da ke cikin kai

Wata uku kenan da fara shan magani, sai yau naji zan iya zancen. Tun bara nake fama da faɗuwar gaba, ina kwance a ɗakinmu nan Jidda ƙarfe biyun dare zuciya na dukan uku-uku ba gaira ba dalili, iƙamata, wato takardar izinin zamana, bata ƙare ba amma ina hango motar shurɗa, wato 'yan sanda, sai ƙafata ta saki. Ga saurin hawa, akan kofin shayi na zazzage ƙanina tas har Inna tace "kai Babangida, anya ba sammu bane?" Anyi ruƙiya, nasha zamzam, kuma dai naje mustashfa.

A can likita ya kawo min zancen serotonin. Ni da ina jin ana ce masa sinadarin farin ciki, ashe yafi kama da birki. Ƙwayoyin dake yinsa 'yan kaɗan ne can gindin ƙwaƙwalwa amma jijiyoyinsu sun ratsa kusan ko'ina. Dana koma gida na dinga karance-karance, wai a Okinawa ta Japan sun gwada a ɓeraye, in aka zaburar da ƙwayoyin nan sai ɓera ya daɗe yana jiran abinci bai fasa ba. A Finlan kuma a 1983 an auna ruwan lakar masu manyan laifuka, waɗanda suka aikata cikin zafin zuciya burbushin sinadarin yayi ƙasa a nasu fiye da na waɗanda suka zauna suka shirya. Wlh nan ne jikina yayi sanyi.

Amma fa ba kamar man mota bane da za'a ce tanki ya sauka a ƙara, masana har yanzu suna ta jayayya akai. Kusan kashi 90 ma a hanji yake kuma na jini baya tsallakawa ƙwaƙwalwa, dan haka masu cewa aci ayaba kawai serotonin ya ƙaru a kai ku sarara mana.

Satin farko na maganin abin ƙaruwa yayi, nace shikenan an cuceni, ashe an saba ganin hakan, sai wajen sati na biyar na fara bacci. Sau biyu likitan ya tambayeni ko ina taɓa tramadol, sbd haɗa shi da maganina na iya sa serotonin yayi yawa mutum ya kama zazzaɓi da karkarwa.

Inna dai har yau cewa take zamzam ne, ni kuma ban musa mata ba.