Ziyarata Tsibirin Tanegashima, Inda Bindiga Mai Lagwani Ta Shiga Japan

Satin da ya wuce na dawo daga Japan, kuma duk wuraren da na zaga babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Tanegashima, tsibirin da ke kudu da birnin Kagoshima, wanda jirgin ruwa mai gudu ya kai mu cikin kamar awa ɗaya da rabi. Abin da ya kai ni shi ne gidan tarihin bindigogi na garin Nishino'omote, wanda aka gina da siffar jirgin ruwan Turawan da.

A gaɓar wannan tsibiri ne wani jirgin 'yan Sin ya tsaya a shekarar 1543 ɗauke da Turawan Fotugal. Sarkin tsibirin, Tokitaka, yaro ne ɗan kimanin shekara 15, amma da ya ga an harba bindiga sai ya sayi guda biyu, ya umarci maƙerin takubba, Yaita Kimbe, ya ƙera irinta.

Na daɗe tsaye gaban gilashin da aka ajiye bindigogin, ina kwatanta su da adakar mafarautanmu. Ɗurinsu ɗaya ne, ta baki ake zuba albarushi da harsashin dalma a danna da sanda. Wajen tayar da wuta ne suka rabu, domin wannan ba ta da ƙanƙara. Igiya ake kunnawa tana ci a hankali kamar lagwanin aci-balbal, a maƙala ta a bakin wani lanƙwasasshen ƙarfe, sannan a zuba albarushi kaɗan a ɗan kasko mai murfin tagulla da ke gefen bututun. Idan maharbi ya buɗe murfin ya ja kunama, ƙarfen yakan faɗo da wutar cikin kaskon, ta bi wata 'yar huda ta isa ciki. Ƙotarta gajera ce ƙwarai, a kunci ake dafa ta ba a kafaɗa ba. Aibinta a fili yake: ruwan sama yana kashe lagwanin, da dare kuma jan wutar yana tona asirin mai ita.

Abin da ya gagari maƙerin shi ne toshiyar gindin bututun, wadda ake murɗawa kamar noti, don maƙeran ƙasar ba su san yanka irin wannan zare ba, sai da wani jirgin ya zo a shekara ta gaba aka nuna masa. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa garuruwan Sakai da Kunitomo, har zuwa 1575 bindigogin suka taka babbar rawa a yaƙin Nagashino. A cikin wannan ƙarni ɗin ne Mai Idris Alauma ya kawo 'yan bindigar Turkiyya Barno. Wani abin da ya sosa mini rai shi ne maƙeran Japan sukan zana sunansu a ƙarƙashin bututun, alhali maƙerin ƙauyenmu da ya ƙera wa kakana adaka ya rasu babu wanda ya riƙe ko sunansa.

Maƙeran tsibirin yanzu almakashi da wuƙaƙe suke yi. Na sayi almakashi ɗaya da tsadar gaske, kuma da na nemi ragi kamar yadda muka saba a Kasuwar Kurmi, mai shagon ya sunkuyar da kai cikin ladabi, bai rage ko sisi ba. Ni dai ina ganin saye babu tayi bai cika ciniki ba, ko da yake kaifin almakashin ya biya kuɗinsa. Tsohuwar da na sauka a masaukinta kuwa, da ta fahimci ba kowane nama nake ci ba, kullum sai ta gasa mini dankalin tsibirin mai zaƙi kamar zuma, ta ƙi karɓar komai a kai.

A kudancin tsibirin na leƙa Kadokura, inda jirgin ya tsaya, iska ta hana mu daɗewa. A hanyar dawowa wani jami'i a filin jirgin sama ya zazzage jakata saboda almakashin, yana yi mini tsawa, kafin ya yarda a sa shi cikin manyan kaya.