Shekaru biyun farko na matashin ɗan zari-ruga

Yaron da ya tsallako zari-ruga daga ƙwallon ƙafa, gudu ne jarinsa. A wasan mutum bakwai-bakwai gudun kan rufa asiri. Amma kwantiragi mai tsoka yana wasan mutum 15, na minti 80, kuma a nan abin da koci ke fara dubawa shi ne yadda yaro ke kayar da mai ƙwallo.

Ga inda ake samun matsala. Sabon shiga yakan rufe ido, ya sunkuyar da kai, ya saka shi gaban gwiwar mai tahowa. Ba haka ba ne. Ka rage tsawo daga gwiwa, ba daga ƙugu ba, baya a miƙe, haɓa a sama, ido a kan ƙugunsa. Kafaɗa ce ke fara dira, kuncinka ya manne a gefen mazauninsa, hannu biyu su rungume cinyoyi, ƙafafu su ci gaba da turawa. In ka kai kafaɗa ba runguma, laifi ne. In ka haura saman kafaɗarsa ma laifi ne, har jan kati yana iya biyo baya. A gwada a hankali, sau goma ta dama, sau goma ta hagu, don kusan kowa yana da kafaɗar da yake ɓoyewa.

Wanda ya bugu a kai, ya tashi yana layi ko ya kasa faɗin wa ke kan gaba, ya fita, kuma ba ya komawa a ranar, ko da ya rantse garau yake. "Ai namiji ne" ba magani ba ce. Bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta warke ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Da hunturu kuwa, fili kan bushe ya yi tauri kamar daɓe, sai a ajiye takalmi mai dogayen haƙora, a rage atisayen faɗuwa. Robar kare haƙori kullum tana baki.

Sai ciki. Mai nauyin kilo 80 yana buƙatar wajen giram 130 zuwa 160 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram shida ne kacal. Awara, wake, nono da ƙuli-ƙuli su ne rufin asirin mai ƙaramin aljihu.

Gaggawa ma ba ta da amfani. Maro Itoje, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan, ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 20 na Ingila suka ci kofin duniya a 2014, amma sai 2016 ya fara buga wa babbar tawagar ƙasar.

In takarda ta zo, a duba tsawon kwantiragin, da wanda zai biya kuɗin asibiti, da ko albashi zai tsaya lokacin jinya. Dillalin da ya ce a fara ba shi kuɗin gwaji a Faransa, a nemi wasiƙar gayyata, a kira kulob ɗin kai tsaye kafin ko sisi ta fita.