Kawu, aska takwas da hoton Hajiya

Kawuna ya fi shekara arba'in yana aikin riga a unguwar Nima da ke Accra, a Ghana. Ni kuma hoto nake ɗauka, na biki da suna da walimar sauka, wani lokaci na bakin titi don kaina. Tun bara muke ja-in-ja da shi a kan abu ɗaya: shin sana'ata fasaha ce, ko danna inji ne kawai?

Wata Asabar na roƙe shi ya raka ni Labadi, gidan zane-zanen Artists Alliance da Farfesa Ablade Glover ya kafa a bakin teku. Muka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, muka tafi. Glover haifaffen Accra ne a 1934, ya daɗe yana koyarwa a jami'ar KNUST ta Kumasi, kuma da 'yar wuƙa yake ɗebo fenti yana shafawa da kauri. Kawu ya matsa dab da wani babban zane, ya ce shi bai ga komai ba sai dunƙulen ja da rawaya. Na ce, "Kawu, ku ɗan ja da baya." Ya ja taku shida, ya yi shiru, can ya ce, "Ikon Allah, kasuwa ce."

A hanyar dawowa na nuna masa aikin marigayi mai zane Atta Kwami a waya, wanda ya rasu a 2021. Shi nasa babu kasuwa, babu mutum, sai layuka da gidajen launi jere da juna. Na ɗauka zai tambayi ma'anarsa, kamar yadda abokaina 'yan boko ke yi. Bai tambaya ba. Ya faɗaɗa hoton da yatsa ya ce, "Koren nan ya so ya danne shuɗin, shi ya sa ya raba su da siririn fari. Mutumin nan ya san aiki." Yadda yake duban gaban riga, haka ya dubi zanen.

Abin ya tsaya min a rai. Littattafan Turawa sukan fara tarihin zane marar siffa daga Kandinsky, ɗan Rasha, wajen 1911. To amma aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, wa ya taɓa neman ta yi kama da askar wanzami sak? Tambarin da ke murɗe a kafaɗa fa, da dagi, da allon zayyana da ake yi wa yaro ranar sauka? Malamanmu sun yi kashedi a kan zana mai rai, sai hannun masu fasaharmu ya koma ga layi da kusurwa da launi, ya ƙware a can. Matan Sirigu a arewacin ƙasar nan ma da ja da baƙi da fari suke ƙawata bangon gidajensu tun kaka da kakanni. Kwami kansa daga irin waɗannan ya sha, da kente, saƙar ƙabilar Ewe, da fentin ƙananan shagunan katako na bakin hanya. Saboda haka abin da ake ce mana baƙo ne mai wuyar ganewa, Kawu a cikinsa ya tsufa.

Da muka zo kan hoto ne ya tirje. Ya ce, "Ɗan nan, riga ɗaya takan ci min wata uku. Kai ƙiftawar ido ka gama. Inji ne ya yi, ba kai ba." Maganar ta yi min ciwo, domin daga bakin wanda nake girmama idonsa ta fito. Gardamar ma tsohuwa ce, tun 1839 da aka bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa masu zane ke faɗin haka.

Na ba shi labarin James Barnor, wanda ya buɗe shagon hoto na Ever Young a unguwar Jamestown ta Accra a 1953, ya ɗauki Nkrumah, ya yi wa jaridar Daily Graphic da mujallar Drum aiki, daga baya ya dawo daga Ingila ya kafa ɗakin wanke hoto mai launi na farko a Ghana. A 2021 gidan Serpentine na Landan ya baje hotunansa. Na ƙara da Felicia Abban, wadda hotunan da ta riƙa ɗaukar kanta cikin kwalliya suka wakilci Ghana a baje kolin Venice ta Italiya a 2019. Kawu ya ce yabon Turawa ba hujja ba ne a wurinsa. A nan kam na yarda da shi.

Hujjar tawa tana rataye a ɗakinsa. Hoton Hajiya ne, mahaifiyarsa, baƙi da fari, wani mai hoto ya ɗauke ta tana amarya. Ya zaunar da ita a ɗan karkace, haske na zuwa daga hagu, rabin fuskar a inuwa, hannunta ɗaya a kan gwiwa. Ya jira har ta gaji da ƙame jiki, murmushin nan nata na gefen baki ya fara fitowa, sannan ya danna. Ina da hotunanta sama da ɗari a waya, kyamarata ta fi waccan nesa ba kusa ba, amma Kawu ba ya ko kallonsu. Shi da kansa yake cewa a wancan kaɗai ake ganin halinta. Na ce, "Kawu, in inji ne ke yi, me ya hana nawa injin ya kamo ta?" Na kuma tuna masa cewa yau da keken surfani yake yin rabin aikinsa, amma daga nesa mutanen Nima ke gane rigar da ta fito daga hannunsa.

Ba ina cewa duk abin da na ɗauka fasaha ba ne. Yawancin hotunan biki shaida ce kawai ta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kamar yadda yawancin riguna na kasuwa ne. Amma cikin dubu akan sami ɗaya da na tsaya minti ashirin a bakin Nima Highway ina jiran mai koko ta juyo, tururi ya ratsa hasken safiya, kuma wannan ɗayan nake karewa.

Har yau Kawu bai ce na yi gaskiya ba. Makon jiya dai ya aiko yaro ya kira ni in ɗauki wata riga da ya gama, farar shadda da zaren siliki. Na ce zan zo da azahar. Ya ce a'a, in bari sai bayan la'asar, ranar tsaka tana kashe ƙyallin zare, kuma in tsaya ta gefen ƙofa yadda inuwar ɗinkin za ta fito.