Ranar da ƙ ta koma q a hannuna

Har yau in na ga ƙunshin takardun nan a ƙarƙashin tebur raina ɓaci yake. Kwafi 150 ne na wani ɗan littafin koyon karatu na manya, shafi 32 kowane, kuma babu ɗaya da ya moru.

Shagona na buga takardu yana unguwar Zariya a nan Maradi. Yawancin aikina na ɗalibai ne, su kawo rubutu a waya ko a filashi, rabi daga intanet, rabi daga WhatsApp, in ka manna a Word kowane layi da kalarsa da girmansa. Na gaji da gyara. Sai na shiga saitin Word, wurin yanka da kwafa da mannawa, na tarar da layi huɗu: mannawa cikin takarda ɗaya, tsakanin takardu biyu, lokacin da salon takardun ya saɓa, da kuma abin da ya fito daga wata manhaja. Duka huɗun na mayar da su kan "rubutu zalla". Wata biyu ina jin daɗi, aikin awa ɗaya ya koma minti ashirin.

Sai wani dattijo, tsohon malamin yaƙi da jahilci, ya kawo littafinsa da aka buga a kwamfuta shekaru da yawa baya. Ya ce, "Ɗana, ka zuba mini shi a sabon tsari, ranar Asabar za mu raba." Na buɗe, komai lafiya, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan da lanƙwasarsu. Na kwafa, na manna a sabuwar takarda, na daidaita shafuka, na duba bango da lambobin shafi, na tura wa na'ura. Cikin rubutun kuwa ban karanta ba. Wannan shi ne laifina, ban karanta ba.

Abin da ban sani ba, tsohon fayil ɗin ba da haruffan Unicode aka rubuta shi ba, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa a kwamfuta. Wani tsohon salon harafi ne da aka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, tunda Hausa ba ta amfani da su. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta tana ganin q. Da na ce rubutu zalla, sai Word ta tuɓe wa haruffan rigarsu. Ƙasa ta koma qasa, ɗaki ya koma xaki. A littafin da za a koya wa mutane baƙaƙe da shi!

Malam bai yi faɗa ba. Ya buɗe shafi na uku, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, wannan ba Hausa ba ce." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Takarda da tawada duk daga aljihuna suka fita, kuma na kwana a shago.

Gyaran da na yi a daren: na manna da tsarin asali, na danna Ctrl da H, na ce a nemo q a sa ƙ ta gaskiya. Ana samun ta in ka rubuta 0199 ka danna Alt da X. Lambar ɗ 0257 ce, ɓ 0253, ƴ kuma 01B4. Manyan baƙaƙe sai an bi su daban, har da sa alamar bambanta babba da ƙarami, in ba haka ba Ƙ ta farkon jimla za ta lalace.

Saitin nan kuwa, layi na huɗu kaɗai na bari a kan rubutu zalla, sauran na mayar yadda suke. Na kuma kunna ma'ajiyar da ake buɗewa da danna maɓallin Windows da V, mai riƙe abu 25 na ƙarshe da ka kwafa, na maƙale haruffan nan huɗu a ciki don kada su goge in an ɗauke wuta.

Yanzu duk fayil ɗin Hausa da ya shigo, kafin komai sai na canza salon harafin layi ɗaya zuwa Arial in gani ko ƙ za ta tsaya. Makon jiya ma na kama wani da haka, takardar wata ƙungiyar mata daga Tibiri, tun kafin in buga shafi ko ɗaya.