Talata: darasin Arewacin Afirka da 'yan SS2

Hazo ya rufe gari tun asuba, na iske yara sun takure cikin rigunan sanyi, leɓuna duk sun tsage. Darasin labarin ƙasa ne da mu, kan Arewacin Afirka. Taswirar bangonmu ta kode, Libiya da Aljeriya sun koma launi ɗaya, don haka na ɗauki alli na zana tawa a allo: Bahar Rum a sama, Sahara a tsakiya, Kano a can ƙasa.

Da na tambaye su me suka sani game da yankin, maza suka ce Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2022. Wasu suka ce Azhar, wasu dabino. Kusan kowa ya ce hamada ce zalla. Wannan amsar ce nake so in kawar yau.

Na ce musu yanzu haka da muke shan ƙura, mutanen Aljas da Rabat, manyan biranen Aljeriya da Maroko, suna cikin lokacin ruwansu. Aji ya kaure da musu. Wata yarinya a gaba ta ce, "Malam, ruwa a hunturu?" Sai na bi da su a hankali. Mu iskar kudu maso yamma ce ke kawo mana damina daga Tekun Atilantika. Su kuwa a watannin zafi busasshiyar iska ke zaune musu a ka, sai sanyi ya shigo iskar yamma ke samun hanya ta kawo hadari. Duwatsun Atilas su tare shi, ruwan ya zuba a gefen teku, bayan dutse ya tashi a tutar babu. Na rubuta tsayin Tubkal, dutse mafi tsawo a cikin Atilas, mita 4,167, na ce ƙanƙara na kwanciya a kansa. Ruwan hunturun nan ne ya sa manomin Maroko ke shuka alkama da sha'ir wajen Nuwamba, ya girbe a Mayu ko Yuni, daidai lokacin da muke gyaran gona.

Wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu. "Malam, ai mu ma a Kadawa lokacin sanyi muke shuka alkama." Wallahi raina ya yi fari. Na ce haka ne, alkama sanyi take so, sai dai tasu ruwan sama ke shayar da ita, taku kuwa ruwan dam ɗin Tiga. Daga nan darasin ya zauna musu.

Masar na wuce ta da sauri, kuma ban so ba: mutum sama da miliyan 100, kusan duka a bakin Nilu, ga madatsar Aswan da aka kammala a 1970. Libiya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, tun 1984 aka fara shimfiɗa manyan bututu don janyo ruwan ƙarƙashin hamada zuwa Tarabulus da Bangazi.

Manhajarmu tana koyar da yankin nan kamar wata duniya mai nisa, abin yana damuna. Ayarin raƙuma daga Kano ya bi Damagaram da Agadas da Gat da Gadamus har Tarabulus, da jar fatarmu da turkuɗi. Jikokin waɗancan fatake ne ke zaune a gabana.

Bayan an kaɗa ƙararrawa wani ya tsaya, ya ce yayansa ya tafi Sabha, a kudancin Libiya, neman kuɗi, yana so ya ga wurin. Na nuna masa, muka auna daga Agadas da zare, ya ga tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya ta wajen Dirku. Ya tambaya ko zai iya kwafar zanen allon ya kai wa innarsa. Na ba shi takarda, na hana mai sharar aji gogewa sai ya gama.