Hamzar Sa'adatu da rahoton da na aika

Asabar, Nima, Akra

Da hantsi Malam ya aiko wani ɗalibinsa ya kira ni. Na same shi a barandar Islamiyyar unguwarmu, takardun shaidar saukar Alƙur'ani da na buga masa jiya da daddare suna ajiye a gabansa. Bayan mun gaisa ya zaro guda ɗaya, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke jiki, ya ce, "Ɗana, duba nan. Tun yaushe ake rubuta Sa'adatu da babban baƙi a tsakiya?" Na duba na ga Sa'Adatu, ta biyu Isma'Il, ta uku Mu'Azu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ku ba ni zuwa magariba, in Allah ya yarda zan kawo muku gyararru." Gobe ne walimar, kuma takarda ce da iyaye za su rataya a ɗaki shekara da shekaru, saboda haka ban ɗauki abin da wasa ba.

Sunayen sun zo mini ne daga malamai daban-daban, kowa ya rubuto a wayarsa, wani da ƙananan baƙaƙe zalla, wani da manya zalla. Don in daidaita su na rubuta ɗan gajeren shirin kwamfuta da harshen Python, na yi amfani da umarnin da ake kira title, wanda aikinsa shi ne mayar da harafin farko na kowace kalma babba, sauran kuma ƙanana. Wannan umarni yana cikin kayan aikin da suke zuwa tare da harshen kansa, wato rumbun asali da kowa yake samu da zarar ya saka Python a kwamfutarsa, kuma na daɗe ina amfani da shi ba tare da na taɓa karanta bayaninsa har ƙarshe ba. Yau na karanta. Bayanin bai ɓoye komai ba: a wurin title, kalma ita ce jerin haruffa da suka biyo juna, duk abin da ba harafi ba yana yanke ta, saboda haka hamza tana raba Sa'adatu gida biyu. An ma kawo misali da kalmomin Turanci masu irin wannan alama, sannan aka nuna mafita guda biyu.

A kan mafitar nan biyu na shafe yawancin yinin, domin a nan abin ya fi ɗaukar hankalina. Ta farko ita ce umarnin capwords, wanda yake raba kalmomi a wurin da aka bar fili kawai. Na gwada, Sa'adatu da Mu'azu suka fito daidai, amma da na ba shi 'yan makaranta sai ya bar 'yan da ƙaramin baƙi, saboda abin da ya tarar a farkon kalmar hamza ce, ita kuwa ba ta da babba ko ƙarama. Kalmar 'ya'ya ta nuna mini bambancin ƙarara: title ya ba ni 'Ya'Ya, capwords ya ba ni 'ya'ya, babu wanda ya ba ni 'Ya'ya. Mafita ta biyu wani ɗan tsarin bincike ne da aka rubuta a matsayin misali, wanda yake neman haruffa daga A zuwa Z, ya kuma yarda da hamza guda ɗaya a tsakiyarsu. Shi ya gyara 'Ya'ya, sai dai bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, tun da ba sa cikin haruffa 26 na Turanci. Na ba shi ƙasa ya mayar da ita ƙAsa, ɗalibai ta koma ɗAlibai, baƙi ta koma BaƙI. Sa'o'i kuma, da yake hamzarta biyu ce, ta fito Sa'o'I.

Na ɗan dakata na ci wake da shinkafar da na sayo a bakin titi, ina tunanin abin da ya kamata in kai ƙara a kansa da wanda bai kamata ba. A ganina title ba shi da laifi. Yana yin abin da aka ce zai yi, kuma harshen da Guido van Rossum ya fitar tun 1991, wanda ɗimbin manhajoji suka dogara da halayensa, ba a sauya masa ɗabi'a don kawai ta saɓa wa buƙatar mutum ɗaya. In aka yi haka za a gyara wa wani ne a ɓata wa dubu. Kuskuren takardun Malam nawa ne, ni da na zaɓi kayan aikin da bai dace da sunayenmu ba. Amma misalin da ke cikin bayanin wani abu ne daban, domin wanda ya zo neman mafita zai kwafe shi ne da amana, kuma in harshensa yana da harafi ko ɗaya a wajen A zuwa Z, zai fita daga rami ya faɗa rijiya. Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. A nan Gana, harshen Tuwi yana da ɛ da ɔ, na Ewe yana da ɖ da ƒ da ŋ, kuma duk irin wannan tuntuɓen za su yi.

Bayan azahar na shiga GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, inda tushen Python, wato ainihin rubutun da aka gina harshen da shi, yake tun 2017, inda kuma aka mayar da rahotannin tangarɗa a 2022 tare da tsofaffin da aka kwaso daga ma'ajiyar da ta gabata. Na fara da bincike, domin ba ladabi ba ne mutum ya kawo ƙarar da aka riga aka yanke wa hukunci. Na tarar an tattauna batun title da wannan alama tun shekaru da dama, aka tsaya a kan a bar umarnin yadda yake a yi gargaɗi a cikin bayani. Maganar haruffa masu ƙugiya a cikin misalin kuwa ban ci karo da ita ba, saboda haka na buɗe sabon rahoto a sashen gyaran bayanai.

Rubuta rahoton ya fi gano matsalar wuya. Da farko na zuba labarin duka, da Malam da walima da sunayen yara, sai na tuna cewa yawancin masu duba waɗannan rahotanni 'yan sa-kai ne da suke aikin a lokacin hutunsu, kuma mai karantawa ba lallai ne ya taɓa ganin Hausa a rubuce ba. Na share, na sake. Abin da ya rage shi ne layi huɗu da kowa zai iya kwafewa ya gwada a kwamfutarsa, da abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito, da sigar Python da nake amfani da ita, wato 3.13, da jimla biyu da ke bayyana cewa ƙ harafi ne cikakke mai babban baƙinsa Ƙ, kuma Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobinsu a kwamfuta, ta san su duka biyun. Abubuwa biyu na cire da gangan duk da suna damuna. Ɗaya shi ne lanƙwasasshiyar hamzar da wayoyi suke sakawa, wadda lambarta ta bambanta da ta miƙaƙƙiyar. Ɗayan kuma jera sunaye, inda ƙ mai lamba 409 da ɗ mai lamba 599 suke faɗawa bayan z mai lamba 122. Kowannensu magana ce mai zaman kanta, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Sannan na shirya gyaran kansa. Na sauke tushen Python gaba ɗaya, abin da ya ci mini data ba kaɗan ba, na nemo fayil ɗin da bayanin yake ciki, na sauya tsarin binciken ya karɓi duk harafin da Unicode ta sani, ya kuma yarda da hamza ko nawa ce a tsakiyar kalma. Na ƙara jimla ɗaya a kan kalmomin da suke farawa da hamza. Na gina shafin da Sphinx, manhajar da ake haɗa shafukan bayanin da ita, don in tabbatar ban karya komai ba, na gwada sabon tsarin a kan Ƙur'ani da 'Yan'uwa da Sa'o'i, duka suka fito daidai. Kafin a karɓi gyaran kowa sai ya sa hannu a yarjejeniyar da ke ba gidauniyar Python izinin rarraba abin da ya rubuta, na karanta ta na sa hannu. Lokacin da nake danna maɓallin aikawa na tuna taron masu amfani da Python na Afirka, PyCon Africa, na farko da aka yi a Legon, nan Akra, a watan Agustan 2019, inda na zauna a baya ina sauraro, ina ganin irin wannan aiki na waɗansu mutane ne da ke nesa da Nima. Mai yiwuwa masu dubawa su ce misalin an so shi da sauƙi ne don masu koyo, su nemi in rage gyaran zuwa gargaɗi kawai, kuma in suka faɗi haka zan karɓa, domin gargaɗin ma zai isa ya tsayar da wanda ke shirin kwafewa.

Da la'asar na saka sabon tsarin a cikin shirina, na maye gurbin lanƙwasasshiyar hamza da miƙaƙƙiya tun kafin a taɓa sunayen, na sake buga takardun a shagon da ke kan hanyar Mamobi. Bayan magariba na kai wa Malam. Ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila yana karanta kowane suna a bayyane, har ya zo kan Sa'adatu ya tsaya ya ƙara dubawa, sannan ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Na ce amin. Yanzu ƙarfe goma da rabi na dare, na leƙa rahoton na ga gwaje-gwajen da GitHub yake yi wa gyaran da kansa sun wuce lafiya, ba a kai ga amsa mini ba tukuna. Gobe da sassafe zan je taya su jera kujeru.