Abin da na gani da na saka jinom (cikakken DNA) na mutum biyu a manhajar PSMC

Manhajar PSMC dai Heng Li da Richard Durbin ne suka fitar da ita a 2011, kuma DNA ɗin mutum ɗaya tak take buƙata ta kintata maka yawan kakanninsa a can zamanin da. Kowa na ɗauke da kwafi biyu, na uwa da na uba, inda suka yi kama sosai kakan da suka haɗa bai yi nisa ba, inda bambanci ya yi yawa kuwa kakan na can nesa. To in ka ga wurare barjak sun haɗa kaka a zamani ɗaya, mutane kaɗan ne a lokacin, kamar ƙaramin ƙauye da kowa ɗan'uwan kowa ne.

Ni na ɗauko na Bayarabe ɗaya cikin samfurin Ibadan na 1000 Genomes, aikin da ya tattara DNA ɗin mutane daga sassan duniya, da na Bature ɗaya. Da zanen yawan kakanninsu a kowane zamani ya fito layukan biyu tare suke tafiya a can baya, daga nan suka rabu, na Baturen ya rufta ƙasa sosai, wato ƙanƙancewar da waɗanda suka fita daga Afirka suka yi, na Bayaraben kuwa ɗan lotsawa kawai yayi. Wallahi na daɗe ina kallon sikirin ɗin nan.

Amma fa shekarun da ke ƙasan zanen kai ne kake ba ta ma'auninsu. Su Li sun yi lissafi da saurin sauyin DNA 2.5×10⁻⁸ a kowane gurbi duk zuriya, da zuriya mai shekara 25, yanzu mafi yawa 1.25×10⁻⁸ suke sawa da shekara 29 ko 30, ina canza lambobin nan biyu komai ya ja baya fiye da ninki biyu alhali data ɗin bai canza ba. Na kuma gwada fayil da ba a karanta shi da zurfi ba, layin ya zube gaba ɗaya don bambance-bambancen da yawa sun ɓace, shi yasa ake son a matsakaici a karanta kowane gurbi aƙalla sau 18. Shekara 20,000 na baya-bayan nan kam kar ma ka kalla, zane ne kawai, nan sai manhajojin MSMC ko SMC++ masu haɗa mutane da yawa.

Wanda yafi damuna shi ne tudun da ke tsakiyar zanen. Ba ƙidaya bane fa. Jama'ar da ta rarrabu gida-gida ana ɗan auratayya jefi-jefi za ta iya ba ka tudun nan sak ko da yawansu bai ƙaru ba, kuma a Afirka rarrabuwar ta daɗe, don haka a rahotona ban rubuta "sun ƙaru" ba, sai na fara kwaikwayon yanayin biyu a manhajar msprime na ga wanne yafi dacewa da layin.